Ɗan hakin da ka raina: mahaɗin tiyon mai a motocin ƙasar Adar

A Babankatami, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, da sauran garuruwan da ke tsakanin Madawa da Keita, motoci sun sake, amma dabarun gyara ba su gama sakewa ba. Wani ɗan abu na roba mai tauri, wanda tsawonsa bai wuce na yatsa ba, shi ke riƙe da tiyon mai a motocin wannan zamani. In ya karye, mota ta tsaya. In kuwa aka ɗaure wurin da robar cikin taya kamar yadda aka saba tun da, mota na iya kamawa da wuta, da mutane cikinta. Ga bayanin yadda ake gane shi, da inda ake nemansa, da yadda ake sa shi.

Hanya da motocinta

Babankatami ɗaya ce daga cikin komin bakwai na gundumar Buza, tare da Buza kanta, da Allakaye, da Dewule, da Karofane, da Tabotaki, da Tama. Ƙasa ce ta tudu da kwari, ta duwatsu da rairayi, ta manoma da makiyaya. Babbar hanyar yankin ita ce wadda ta tashi daga Madawa ta bi Buza, tafiyar wajen kilomita 50, ta wuce Keita da Tamaske ta faɗa Tawa. Da an sauka daga kanta kuwa, sai hanyoyin jar ƙasa da turbobin amalanke, masu gargada da rani, masu zaizayewa da damina in koramu sun kawo.

Kan waɗannan hanyoyi ne motocin kasuwa ke ɗaukar gero da wake da albasa da bisashe, da mutane zaune bisa kaya. Nan ne motar likita ke bi da dare da mai naƙudar da haihuwa ta gagara, zuwa asibitin Buza ko na Madawa. Nan ne kuma motocin ma'aikatan noma da na kiwo da na gandun daji ke bi wajen rangadi. Motar da ta tsaya a nan ba kamar wadda ta tsaya cikin Yamai ba ce, inda gareji da shagon kayan gyara ke kowace unguwa. A nan, in ƙaramin abu ya lalace, direba na iya kwana biyu a daji kafin a kawo masa madadinsa. Wannan ne ke sa a yi ɗaurin wucin gadi, wucin gadin kuwa sau da yawa ya zame na dindindin.

Daga karbirato zuwa anjektar

Tsofaffin makanikai na Madawa da Buza sun koyi sana'a kan Land Rover da Berliet, da Peugeot 404 da 504 masu tanti, waɗanda ake kira bashe. Tun daga 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta riƙa harhaɗa 504, kayan gyaranta kuma suka cika kasuwannin bakin iyaka. Cikin waɗannan motoci, waɗanda ke shan man fetur, watau isansi, da karbirato suke aiki. Wani ɗan famfo da ke jikin inji ke jawo mai daga tanki ya kai shi karbirato a hankali, da matsin da bai kai rabin bar ba. Bar shi ne ma'aunin matsi, irin wanda masu faci ke dubawa in suna hura taya. Da yake matsin kaɗan ne, in tiyo ya tsage, a yanke wurin a sake cusawa, a naɗa robar taya ko waya, mota ta ci gaba da tafiya. Dabara ce da ta fid da mutane da yawa daga daji, kuma a zamaninta ba ta da laifi sosai.

Daga shekarar 1992, ƙasashen Turai suka tsananta dokokin rage hayaƙin mota, har karbirato ya ɓace daga sababbin motocinsu. Japan da Amurka ma haka. Aka maye gurbinsa da anjektar, watau ƴan allurai masu fesa mai cikin inji. Waɗannan motocin ne, bayan sun tsufa a ƙasashensu, aka yi shekaru ana sauke su a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, ana kawo su Nijar. Yau Toyota Corolla da Hiace da Hilux, da Peugeot 406 da ire-irensu, su ne ke tsaye a tashoshin mota.

Cikin waɗannan motoci masu isansi, famfon lantarki ne ke tura mai, galibi daga can cikin tanki, da matsin bar 3 zuwa 4. Tayar ƙaramar mota bar 2 ne zuwa 2 da rabi take ɗauka. Ke nan man da ke cikin tiyo ya fi iskar da ke cikin taya matsi. Bar 3 ya isa ya tura ruwa sama tsawon mita 30, kwatankwacin zurfin rijiya mai nisa. Matsin ya ninka na karbirato wajen sau goma, famfon kuma yana iya fid da fiye da lita guda cikin minti ɗaya. Robar taya ba ta iya riƙe wannan. Daɗin daɗawa, isansi na cinye ta, ta yi laushi ta kumbura. Abin da a da yake ɗiga a ƙasa, yanzu feshi yake yi bisa inji mai zafi.

Isansi kuwa ba ya jiran ashana. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙarƙashin mota yana bin ƙasa, kuma ɗan tartsatsi daga wayar batir ya ishe shi. Zafin da ke sa shi kamawa da kansa bai kai digiri 300 ba, alhali bututun hayaƙi, daidai inda ya fito daga inji, yana wuce haka in mota na hawan tudu da kaya. Jama'ar Nijar ba su manta da daren 5 ga Mayu 2019 ba, sa'ad da motar dakon mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, ta yi bindiga, mutane fiye da 50 suka rasa rayukansu. Wutar ƙaramar mota ba ta kai wannan ba, amma motar kasuwa mai ɗauke da mutum ashirin da jarkunan mai a baya ba ta da lokacin jira.

Mene ne wannan mahaɗi

Makanikai na kiransa rakor, daga sunansa na faransanci. Da Hausa, mahaɗi ne mai kama kansa: ba a murɗa shi, ba a ɗaure shi, turawa kawai ake yi ya ce ƙyas. Ana samunsa a bakin tanki inda famfo yake, da gefe biyu na matacin mai, watau filtir, da kuma inda tiyo ya iso inji. Masana'antu sun zaɓe shi ne don ma'aikaci na iya sa shi cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ba ya barin tururin mai ya fita. Cikin manyan masu ƙera shi akwai kamfanin ARaymond na birnin Grenoble a Faransa, wanda aka kafa a 1865, wanda kuma ya ƙago maɓallin riga mai ɗanawa a 1886. Dabarar kusan ɗaya ce: namiji ya shiga mace, wani abu ya riƙe.

Namijin shi ne bakin bututu, na ƙarfe ko na roba mai tauri, sumul, da wani ɗan tudu da ya kewaye shi kamar awarwaro. Macen ita ce mahaɗin. Cikinta akwai zobba biyu na roba, waɗanda makanikai ke kira juwan; su ne ke hana mai fita. Ba robar banza ba ce, irin wadda mai ba ya ci ce. Gaban zobban akwai ƙugiya mai kunnuwa, wadda ke tsallake tudun bututu ta faɗa bayansa. Ita ce ke hana mahaɗi fizgewa. Aikin kowane dabam: zobba na tare mai, ƙugiya na tare matsi. In ƙugiya ta karye, mahaɗi na iya zama kamar lafiya lau har mota ta faɗa rami ya fice gaba ɗaya. In zobe ya tsage, ƙugiya na riƙe da kyau amma mai na tsiyaya.

Ɗaya gefen mahaɗin wutsiya ce mai haƙora, wadda ke shiga cikin tiyo. Tiyon nan baƙi, siriri, mai tauri, na nailan ne. Akwai iri biyu da aka fi sani, PA11 da PA12. Na farkon, wanda Faransawa ke kira Rilsan, daga man ƴaƴan zurma ake yinsa, zurmar nan dai da ke fitowa bayan gida da bakin rafi.

Abin da ke kashe shi a Adar

An yi mahaɗin nan don ya daɗe kamar motar kanta, amma ba a yi shi da tunanin hanyar Babankatami ba. Abu huɗu ke rage masa kwana.

Na farko ƙura. Ƙurar hunturu da jar ƙasar hanya na shiga ƙarƙashin kunnuwan ƙugiya, ta haɗu da danshin mai ta daskare, har a danna kunne ya ƙi motsi. Na biyu zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa na wuce digiri 40, balle cikin ɗakin inji. Robar da ta yi shekara ashirin cikin wannan hali sai ta bushe ta yi gautsi. Na uku gargada. In an cire tiyo daga maƙalansa ba a mayar ba, yana lilo, dukan jijjigar hanya sai ta taru a wuyan mahaɗi.

Na huɗu, wanda ya fi sauran ɓarna, shi ne hannun mutum. Ko da yake matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki tun 2011, kamfanin SONIDEP kuma na rarraba mai cikin ƙasa tun 1977, ƙauyuka masu nisa da gidan mai da jarka da kwalba suke sayensa. Mai da ya bi jarka da mazurari ba ya rasa rairayi ko ɗigon ruwa, saboda haka filtir na saurin toshewa, ana yawan sake shi. Kowace sakewa kuwa sai an buɗe mahaɗi. Yaron gareji da ba a nuna masa sirrin abin ba, in ya ja ya ƙi fita, sai ya sa turnabis ya ɓanɓare. Yawancin ƙugiyoyin da suka karye, haka suka karye.

Nema: lamba ita ce gaba

Mai neman mahaɗi yana bukatar sanin abu huɗu: kaurin bututun namiji, da kaurin tiyo, da siffar mahaɗin, da irin man da motar ke sha.

Kaurin namiji shi ne mafi muhimmanci. Akwai ƙa'idar da ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka ta tsara, mai lamba SAE J2044, wadda masana'antu da yawa ke bi. Ma'aunan da aka fi gamuwa da su, da milimita, su ne 6,30 da 7,89 da 9,49 da 9,89 da 11,80. Kayan da suka biyo ta Nijeriya na iya zuwa da ma'aunin inci: 1/4 shi ne 6,30, 5/16 shi ne 7,89, 3/8 shi ne 9,49. Wasu masana'antu na rubuta lambar da waƙafi, wasu da ɗigo, amma abu ɗaya ne. Sau da yawa lambar na rubuce a jikin tsohon mahaɗin. A wanke shi a duba da hasken rana.

Tarkon da ya fi kama mutane yana tsakanin 9,49 da 9,89. Bambancinsu bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsa. Mahaɗin 9,49 ba ya shiga bututun 9,89 sai da ƙarfi, ƙarfin kuwa na yaga zobba. Mahaɗin 9,89 kuma yana shiga bututun 9,49 cikin sauƙi, har mai gyara ya yi murna, alhali zobban ba su rungumi bututun sosai ba. Sai inji ya yi zafi, mota ta hau gargada, mai ya fara fita. Galibi motocin Turai ne ke da 9,89, na Amurka da na Japan 9,49, amma kada a dogara da wannan kaɗai. A auna da ma'aunin makanikai mai baki biyu, a kan sumul ɗin bututu, ba a kan tudu ba. Inda babu ma'auni, kile, watau sifana, na iya ba da haske: mai lamba 8 na zama daidai kan bututun 7,89, mai lamba 10 na zama daidai kan 9,89, amma yana ɗan rawa kan 9,49.

Kaurin tiyo shi ma yana rubuce a jikinsa. In an ga «PA12 8x1», ma'anarsa kaurin waje milimita 8, kaurin bango milimita 1, saura 6 a ciki. In an ga «10x1», ciki 8 ne. Wutsiyar sabon mahaɗi dole ta dace da cikin tiyo. A lura kuma, wutsiyar da aka yi don nailan dabam take da wadda aka yi don tiyon roba mai laushi.

Game da siffa, akwai miƙaƙƙe, akwai mai gwiwa. In aka sa miƙaƙƙe inda mai gwiwa ya kamata, tiyo zai lanƙwashe, nailan kuwa in ya karye gwiwa sau ɗaya ba ya komawa. Game da mai, a faɗa wa mai shago ko isansi ne ko gazuwal. Launin kunnuwa, kore ko ja ko rawaya, ba hujja ba ne, don kowace masana'anta da ma'anar da ta ba shi.

Daga Babankatami, neman kan fara a Buza, sannan Madawa, wadda ke bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. In ba a dace ba, sai Tawa ko Birnin Ƙonni ko Maraɗi, har zuwa kasuwar Katako ta Yamai, ko ta Ƙofar Ruwa a Kano. Da yake yawanci saƙo ake ba direban tasha, hanya mafi tabbas ita ce a ƙulle tsohon mahaɗin cikin leda, duk da karayarsa, tare da guntun tiyon, a haɗa da takarda mai ɗauke da sunan mota da shekararta da lambobin da aka auna. A ƙara da lambar jikin mota, mai harufa da alƙaluma 17, wadda ke rubuce cikin takardar shaidar mota. Mai wayar hannu na iya aika hoto, amma hoto ba ya nuna rabin milimita; lamba ke nunawa.

Masu sayar da kayan tsofaffin motoci na da shi da araha. Sai dai mahaɗin da aka ciro daga motar da ta mutu, shekarunsa ɗaya da wanda ya karye. In ba makawa, gara a sayi tiyon dukansa da mahaɗansa biyu, a duba kunnuwa suna dawowa in an danna, zobba kuma ba su bushe ba. Cikin sababbi ma akwai jabu: wanda ba shi da lamba ko kaɗan a jikinsa, ko mai zobe ɗaya a ciki, a bar wa mai shi. Araha ba ta ado. Mai hankali in ya samu na kirki yakan sayi biyu, ya ajiye ɗaya cikin mota.

Cirewa

Kafin a taɓa komi, a fid da mota fili inda iska ke kaɗawa, a bar inji ya huce. A nisantar da taba da fitila da murhun shayi, wanda ba a rasa shi a bakin gareji. A ajiye bokitin rairayi kusa, da tukunyar kashe wuta in akwai. Ruwa ba ya kashe wutar isansi, yaɗa ta yake yi.

Sannan a sauke matsi, domin ko an kashe mota, mai na nan matse cikin tiyo. A motar isansi, a zare fizibil na famfon mai, a ta da inji a bar shi har ya mutu da kansa. A buɗe murfin tanki, a cire wayar batir ta gefen alamar ragewa. A motar gazuwal ba a yin haka, don famfonta da man take samun santsi. A kashe ta kawai a dakata. Akwai kuma gargaɗi na musamman kan injunan gazuwal na zamani, irin su HDi na Peugeot da D-4D na Toyota, waɗanda suka yaɗu tun ƙarshen shekarun 1990: bututan ƙarfen da ke zuwa anjektar na ɗauke da matsin da ya wuce bar 1000, wanda ke iya huda fatar mutum. Waɗannan da noti ake ɗaure su, ba su cikin wannan bayani, kuma ba a kwance su inji na aiki.

A share ƙura tukuna, da buroshi da iskar famfon keke, har kunnuwa su motsa. Ga sirrin da yawancin yara ba su sani ba: ba a fara da ja. A fara tura mahaɗin ciki, wajen bututu, don ƙugiya ta saki tudu. Sannan a danna kunnuwa, sannan a ja a miƙe ana ɗan juyawa. Wani mahaɗin kunne biyu gare shi, wani ɗaya. Wani yana da makulli na biyu da ake ɗagawa tukuna. Wani kuma, musamman a motocin Amurka, ƙugiyarsa na ɓoye ciki, sai da wani ɗan zobe tsagagge da ake cusawa. A riƙe tsumma a kai don tare ragowar mai. Da ya fita, a rufe bakin bututu da na tiyo da leda mai tsabta, domin ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe anjektar.

A duba namijin. In ya yi tsatsa ko ƙarzuwa daidai inda zobba ke zama, ko tudunsa ya cinye, sabon mahaɗi ba zai yi magani ba, sai an sake bututun.

Sawa

Abin da masu ƙera motoci suka fi so shi ne a sake tiyon dukansa, kuma shi ya fi aminci. Inda bai samu ba, a yanke nailan daidai bayan tsohuwar wutsiya, da reza ko aska mai kaifi, yanka ɗaya a miƙe. Ba a sa zarto, don garinsa na shiga cikin tiyo. A tabbata abin da ya rage zai kai wurinsa ba da ja ba.

Nailan ba ya karɓar wutsiya yana sanyi. A tafasa ruwa nesa da mota, a kawo shi cikin kwano, a tsoma bakin tiyo na ƴan mintoci har ya yi laushi. Ba a gasa shi da ashana ko gawayi. A riƙe shi kusa da baki, in da hali tsakanin katako biyu masu kwarmi don kada ya lanƙwashe, a tura wutsiya a miƙe har haƙoranta duka su ɓace. In ya huce zai kama da kansa. Nailan ba ya bukatar ɗauri.

In kuwa da tiyon roba za a yi gyaran, a karanta jikinsa. Mai lamba SAE 30R9 shi ne na anjektar. Mai lamba 30R7 na ƙaramin matsi ne, irin na karbirato. Guntun da ke zama nutse cikin tanki kuwa sai 30R10. Tiyon ruwa na lambu, da farin tiyon babur, ba su da wuri a nan ko kaɗan. A ɗaure da maɗaurin ƙarfe mai sumul a ciki, ba mai tsage-tsagen da ke cizon roba ba.

Daga nan a ɗiga man inji mai tsabta, ɗigo ɗaya, a bakin namiji don zobba su zame ba tare da yagewa ba. A tura mahaɗi a miƙe har a ji ƙyas. Jin ƙarar bai isa ba: a ja shi baya da ƙarfi. In ya fito, bai kama ba. In yana da makulli na biyu, a danna shi. A mayar da tiyo cikin dukan maƙalansa, nesa da bututun hayaƙi da duk wani ƙarfe mai kaifi. Inda tiyo biyu ke tare, na zuwa da na komowa, a sa musu alama tun kafin cirewa.

Gwaji shi ne ƙarshen aiki. A mayar da fizibil da wayar batir, a murɗa makulli ba tare da ta da inji ba, a dakata daƙiƙa uku, a kashe. A yi haka sau uku don matsi ya taru. A shafa farar takarda busasshiya ƙarƙashin mahaɗi, a kuma sansana. In takarda ta fito a bushe, a ta da inji a sake dubawa. A motar gazuwal, a fara fid da iska da ɗan famfon hannu da ke kan filtir, in tana da shi. Bayan tafiyar farko bisa gargada, a tsaya a duba karo na uku.

In abin ya faru tsakiyar daji, direba ya ji warin mai, wajibi ne ya tsaya nan take, ya kashe inji, ya sauke mutane su yi nisa, sannan ya buɗe gaba. Jinkirin kwana ɗaya ya fi jana'iza.

Ga hukumomi da ɗaliban yaƙi da jahilci

Magadan gari da shugabannin likitoci da na ma'aikatu masu motar aiki suna da abin yi wanda ba ya cin kuɗi mai yawa. A auna mahaɗan kowace mota tun tana lafiya, a rubuta lambobin cikin littafinta. A ajiye mahaɗi biyu na kowane ma'auni, da mita guda na tiyon da ya dace, da maɗaurai, da tukunyar kashe wuta da ba ta ƙare ba. Motar likita musamman, wadda ke ɗaukar wanda ba ya iya gudu, bai kamata ta fita da ɗaurin roba a tiyonta ba ko sau ɗaya. Shugabannin tasha su ma suna iya hana lodi ga motar da ke warin mai, kamar yadda suke hana wadda ba ta da birki.

Tun farkon shekarun 1960 ake yaƙi da jahilci a Nijar, manoma suka koyi karanta sikeli da rubuta lissafin ƙungiya. Wannan ilimin ne dai ake bukata a gareji yau. Tsohon makanike yana da kunne da hannu da shekaru. Yaron da ya yi ajin manya yana iya karanta 9,49 ya bambanta shi da 9,89, ya rubuta saƙon da mai shago a Maraɗi zai gane ba tare da tambaya ba. In suka haɗa abin da kowa ya sani, motar kasuwa za ta je ta komo, mai naƙuda kuma ta isa asibiti. Allah ya kiyaye hanya.